Ranar da Na Haye Gada da Zakara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina roƙon maigidana ya rage surutu, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban makirufo, yana karanta labarai da Hausa daga nan Landan. Da ya yi ritaya sai ya tattaro gidan rediyon kacokan ya kawo mini falo. In na ce gishiri ya ƙare, sai na sha tarihin fataken Bilma. In bas ta makara, akwai bayani a kan wanda ya fara ƙera bas. A mota kuwa ba a magana, domin ni tun ina yarinya hagu da dama suke rikice mini, shi kuma ya mai da abin darasi. In na ce ya karya kwana sai ya ce, “Hannun cin tuwo ko ɗayan?” Na sha ɗaga hannu sama in ce, “Allah ka nuna mini ranar da zan sha shayi shiru a gidan nan.” Sai ya yi dariya ya ce amin, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ranar ta zo. Wata safiya yana ɗaura agogo ya sulale daga bakin gado. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti ya dawo da sanda, yana jan ƙafa, kuma ya dawo shiru. Na sha shayin da na roƙa, safe da yamma, ba abin da nake ji sai ƙarar cokali a kofi. Wallahi har yau in na tuna addu'ar nan tawa sai na ji kunyar kaina.

Ba wai maganar ta tafi ba ce. Akwai wata Baturiya mai haƙuri da asibiti ke turowa duk Talata ta koya masa motsa baki. Su kan rufe ƙofa, ni kuma in laɓe, domin ba zan yi ƙarya in ce ban laɓe ba. Ina jin sa yana fitar da kalma ɗaya ɗaya, da nauyi, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Tana fita sai ya rufe baki ruf. Ya samo ɗan littafi yana rubuta mini abin da yake so da hannun hagu: ruwa, magani, rufe taga. Kiran waya kuwa ko ɗagawa ba ya yi. Na fahimce shi sarai. Mutumin da tsofaffi a ƙauye ke gane muryarsa tun kafin ya faɗi sunansa ba zai yarda a ji shi yana tuntuɓe a kan “ina kwana” ba, ko da ni ce mai ji. Baturiyar ta ja ni gefe ta ce in ya daɗe a haka bakin zai saba da zama, kuma ranar da ya so yin maganar ba lallai ta zo ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Tsoro nake ji kada in ƙare rayuwata da mutumin nan ta hanyar takarda.

Bayan ritayarsa yana da wani ɗan shiri da yake ɗauka a ɗakin ajiyarmu, wanda ya lulluɓe bangonsa da barguna, ya tura wa wasu tashoshi a gida. Kowane mako sai ya ɗauki shekara ɗaya a tarihin wata ƙasa ya baje ta: wa aka haifa, wa ya mutu, me aka gina, me ya rushe. Aikin nasa a kwalayen takalmi yake. Kowace shekara da kwalinta, kowane labari da katinsa. A watannin nan Amurka yake bi, zamanin jiragen ƙasa da masana'antu da hayaƙi, kuma kwalin da ya bari a kan tebur ranar da ya faɗi an rubuta masa 1883.

Ba don son ilimi na buɗe kwalin ba, don tsokana na buɗe. Na san abu ɗaya da maigidana ba ya iya haɗiyewa shi ne kuskure. Sai na zauna a gabansa na zaro kati na gyara murya irin tasa, na ce, “A wannan shekara ce aka buɗe gadar Brooklyn a birnin Paris.” Na ga ƙasan idonsa ya motsa. Na ce yau sai magana. Ya jawo littafinsa ya rubuta New York, ya ja layi uku a ƙasa. Washegari na ɓoye biro. Na mayar da shekarar baya da shekara ɗari, na sa jirgin ƙasa ya tsallaka teku. Sai na ji wayata ta yi ƙara a cikin zani. Shi ne, daga kujerar da tsakaninmu ko taku biyu bai kai ba, ya turo mini gyara.

Ni na haƙa ramin, ni kuma na faɗa. Katunan suka kama ni. Ashe kafin shekarar nan kowane gari a Amurka da agogonsa, kowa yana bin ranarsa, sai jirgin ƙasa ya tashi da wani lokaci ya isa da wani. Kamfanonin jirage suka gaji, suka haɗa baki, wata Lahadi a watan Nuwamba aka daidaita agoguna, har a wasu garuruwan aka buga ƙarfe sha biyun rana sau biyu. Na ce, “To Malam, ranar nan azahar nawa ke kan mutum?” Ya rubuta, “Rana ake bi, ba agogo ba,” amma na ga kafaɗarsa ta ɗan girgiza. Ga wani katin a kan yadda wani dutse ya yi aman wuta can wata duniya, sararin samaniyar Amurka ya riƙa yin jajir da yamma, har 'yan kwana-kwana suka fito a guje neman gobarar da babu ita. Ga na dokar da aka kafa cewa wasu ayyukan gwamnati sai mutum ya ci jarrabawa, ba don ya san wani ba. Wannan katin na ce a yi masa kwafi a aika gida, kowace ma'aikata a ba ta ɗaya.

Ni da rabona da littafi mai kauri tun ina koyarwa a firamare a Kano, sai ga ni da katin laburare. In na ba shi maganin safe sai in hau bas in tafi, in dawo da littattafai a keken cefane, albasa a sama. Na fara yi wa mutanen layin bas kallon waɗanda ba su san komai ba a kan 1883. Har mai sayar mini da kifi sai da ya ji labarin tsakar rana biyu, bai tambaya ba. Ina cikin ba shi na ji muryar wa nake kwaikwayo, na kama bakina.

Can ƙasan kwalin akwai wani kati mai layi ɗaya tak: “Matar injiniyan gada. A bincika.” Bai kai ga binciken ba. Ni na yi masa.

Ga abin da na samo. Wanda ya zana gadar ya ji rauni a ƙafa tun aiki bai kankama ba, raunin ya yi ajalinsa. Ɗansa ya gaje shi. Shi kuma ɗan ya riƙa shiga ramukan da ake haƙa ginshiƙai a ƙarƙashin kogi har ciwon wurin ya kama shi, ya kwantar da shi a ɗaki. Sai matarsa ta ɗaura ɗamara. Ita ke karɓar umarninsa ta kai wa ma'aikata, ta dawo masa da amsa. Tun tana kai saƙo har ta koyi lissafin igiyoyin ƙarfe da nauyin da za su iya ɗauka, ta riƙa zama da 'yan kwangila da manyan gari tana kare aikin mijinta. Fiye da shekara goma tana wannan zirga-zirga, shi kuma an ce yana zaune bakin taga da madubin hangen nesa yana kallon gadarsa tana tashi. Da aka gama, ita aka fara hayewa da ita a keken doki. Kuma a cinyarta, don a san an yi nasara, ta rungumo zakara.

A laburare na karanta wannan, na ƙyalƙyale da dariya har wani dattijo ya sauke jaridarsa ya harare ni. Ban san yadda na iso gida ba. Ko rigar sanyi ban cire ba na tsaya a tsakiyar falo.

“Malam, zakara! Ba fure ba, ba tuta ba. Mace ta gina gada da ƙarfe da dutse, ga manyan ƙasa ana jira, ta ce a miƙo mata zakara! Wallahi matar nan tamu ce. A bincika da kyau, ƙila kakarta 'yar Ɗambatta ce.”

Sati uku na yi ina rubuta shirin. Na bi salonsa, na sa gajerun jimloli, na kauce wa kalmomin da na ji suna ba shi wahala a bayan ƙofa. Na ajiye masa a cinya da jan biro. Ya kwashe yini yana dubawa, ya gyara nan ya gyara can. Da na karɓa na duba shafin ƙarshe, ga abin da ya rubuta: “Ya yi kyau. Ki karanta da kanki.”

Abin ya soke ni. Ban rubuta don in karanta ba, muryata ina da ita, har ta yi mini yawa. Na shige kicin na wanke tukwanen da ba su da datti, na yi kukana da ƙarar famfo. Da na fito haushi ne a gaba. Gidanmu a Thamesmead hawa na huɗu yake, kuma daga barandarmu ana hango wani ɗan rafi da aka haƙa tsakanin gine-ginen siminti, da 'yar gadar ƙafa a kansa, wadda muke bi zuwa tashar bas. Taku ashirin ce, ba ta fi ba. Ita na nuna masa ta taga.

“To shi ke nan. Tunda na gama tawa gadar, kai kuma ka zaɓi zaman taga, ni ma zan haye da zakara. Ka ga waccan? Nan zan bi.”

Ya kalli gadar, ya kalle ni. Sai wani sauti ya kufce masa ta hanci. Dariya ce, ta farko tun da ya faɗi. Ya yi sauri ya rufe baki da hannu, ya jawo littafi ya rubuta, “Ina za ki samu zakara mai rai a Landan?”

Da bai yi dariyar nan ba, da maganar ta wuce a matsayin faɗan mata. Amma na ji sauti ya fito daga maƙogwaronsa, kuma na ƙudura sai na bi sawunsa duk inda ya shiga.

Deptford na nufa, domin abin da babu a kasuwar nan to babu shi a Ingila. Na bi mahauta ɗaya bayan ɗaya. Kaji ga su nan reras a rataye, an fige su tas. Na ce wa wani mai rai nake so, ya ɗago wata ta wuya ya ce, “Sister, wannan jiya-jiya take da rai.” Daga ƙarshe na faɗa shagon ƙawata, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke sayar da doya da manja da busasshen kifi. Mun fi shekara ashirin tare. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinta. Da ta ji buƙatata sai ta leƙa waje, ta jawo ni bayan buhunan gari, ta rage murya.

“Hajiya, faɗa mini gaskiya. Wane malami ya ce ka kawo zakara? Fari ya ce ko ja?”

“Ba malami ba ne. Wata mata ce a Amurka.”

“Malamin mace ne? A Amurka? Hajiya, ka yi hankali da mutanen intanet.”

“Ta mutu fiye da shekara ɗari.”

Ta ja da baya tana salati. Sai da na zauna a kan buhun shinkafa na ba ta labarin tun daga ƙafar uban har zuwa keken doki. Da na kai kan zakaran ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Da na gaya mata dariyar da Malam ya yi ta hanci kuwa sai ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauko waya. Tana da wani mai sayen barkono, tsohon Bature, da ke da ɗan filin noma a bayan Plumstead, irin wanda ƙaramar hukuma ke ba mutane. Yana kiwon kaji, kuma maƙwabta sun kai ƙarar zakaransa saboda cara.

Ranar Asabar da hantsi muka je. Zakara ne ja, ƙato, mai ƙirji kamar ɗan dambe, yana kallon mutane da ido ɗaya. Tsohon ya ce zai ba mu da sharaɗi guda: kada a yanka, kuma in mun gama a miƙa shi gonar wata 'yar uwarsa a bayan gari. Na yi masa alkawari. Hajiyar Kumasi ta ɗaure ƙafafun da tsumma, muka sa shi a kwalin doya da muka huda, muka hau bas kamar mutanen kirki.

Tasha biyu muka yi lafiya. A ta uku kwalin ya yi cara. Ba 'yar ƙaramar cara ba, irin wadda ke tada unguwa. Bas ta yi tsit. Kafin in gama mutuwa a zaune, Hajiyar Kumasi ta zaro wayarta ta kara a kunne, fuska a murtuke. “Hello? Hello? Network ba kyau.” Ta mayar jaka. Ya sake. Ta sake zarowa. “Na ce zan yi calling ɗinka back!” A karo na uku wata Bayarabiya da ke bayanmu ta dafa kafaɗarta ta ce da Turanci, a hankali, wayar nan taki masara take so. Na cusa fuska a mayafi ina danne dariya, har muka sauka ban iya ɗagowa ba.

Da muka iso gida na bar Hajiyar Kumasi a ƙasa da kwali na hau na shirya. Na ciro leshin da na sa a bikin 'yarmu, na zuba gwal, na kafa ɗauri mai hawa biyu. Na fitar da kujera baranda, na kawo bargo, na kamo hannun Malam na zaunar da shi. Sannan na ɗauko madubin hangen nesan da ya saya shekarun baya don duban watan azumi, wanda gajimaren Landan bai taɓa bari ya ga komai da shi ba. Ya rubuta, “Ba ruwana.” Amma da na rataya masa a wuya bai cire ba.

A bakin gada na ciro zakaran, kuma a nan na tafka kuskuren da ko 'yar shekara bakwai a garinmu ba za ta yi ba. Na dubi tsumman ƙafarsa na ce wannan ai wulaƙanci ne. Zakaran nasara ne, ba na miya ba, yaya za a haye da shi a ɗaure? Hajiyar Kumasi ta ce, “Hajiya, bar shi yadda yake.” Na ce ita matar gada ba na jin ta ɗaure nata. Ni da na yi ƙuruciya ina ɗauko kaji daga kasuwa, shekara talatin na kajin firji sun mantar da ni ko mene ne zakara. Na kwance shi.

Muka hau. Ina gaba, zakara a hammata, ina taku ɗaya ɗaya kamar amarya. Tana baya tana jan keken cefanena, wai shi ne keken dokin. Iska tana kaɗa leshi, agwagin rafi suna kallonmu, wani mai yawo da kare ya tsaya baki buɗe. Wani irin daɗi ya cika ni, na ji kamar ni na dasa kowane ginshiƙi a New York da hannuna. Da muka kai tsakiya na juya wajen barandarmu. Ga shi can, madubi a ido. Sai na kama zakaran da hannu biyu na ɗaga shi sama yadda 'yan ƙwallo ke ɗaga kofi, ita kuma Hajiyar Kumasi ta rangaɗa guɗa.

Guɗar ce ta gama mu. Zakara ya buga fiffike, ya sa mini ƙafa a goshi, ya tafi da ɗaurina. Na ga ja ya wuce ta saman ƙarfen gada, ya dira a ɗaya gaɓar, ya shige tsakanin motoci da shingen ciyawa da manyan bololin shara, ya ɓace.

Ku zo ku ga tsofaffi biyu da leshi suna gudu. Na tuna alkawarin da na yi wa tsohon nan, ga karnuka, ga dilolin da ke yawo a unguwar ko da rana. Na durƙusa ina leƙa ƙarƙashin motoci, gwal yana jan ƙasa. Hajiyar Kumasi tana kiran “kur-kur-kur” kamar zakaran Ingila ya san wannan yaren. Tagogi suka fara buɗewa. Ban san inda zan nufa ba.

Sai na ji wani abu daga sama, kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

“Ha… gu.”

Na daskare a durƙushe.

“Hagu!”

Hajiyar Kumasi ta damƙe hannuna. “Hajiya! Mijinka ya na magana!”

Na mintsine ta. “Rufa mini baki. Kada ki kalli sama.”

Na saci kallon hagu, kuma a ranar, ikon Allah, na san hagun. Ga zakara can bayan wata koriyar bola, hankalinsa kwance, yana tsattsagar soyayyen dankalin da wani ya zubar. Taku huɗu ne tsakaninmu. Na miƙe, na karkaɗe zani, na juya dama.

“Hagu! Hagu… na ce!”

Na ƙara gaba, na leƙa bayan wata farar mota.

“Ba… hannun… cin tuwo… ba! Ɗayan!”

Muryar a karye take, kalmomin suna fitowa a karkace, wasu rabi. Amma tasa ce. Zurfin nan nata yana nan, kuma tana dukan bangon siminti tana dawowa, duk unguwa ana ji. Na ɗaga hannun dama na kalla kamar ina tunani, na ɗaga na hagu, sannan na nufi wajen rafi.

“Bayan… bola! Koriya! Ke… wai… shekara… talatin… ba ki… san… hagunki ba?”

Na ba shi baya don kada madubin ya nuna masa fuskata. Dariya nake, hawaye na zuba har cikin bakina. Na duba ƙarƙashin benci. Na duba cikin wata tukunyar fure da ko ɗan tsako ba zai shiga ba. Duk inda na nufa sai ya biyo ni da faɗa, ni kuma kowace kalma ina karɓa ina adanawa. Da na saci kallo ta ƙarƙashin hannu na gan shi a tsaye, ya riƙe ƙarfen baranda, bargon ya faɗi. Da don ta ni ce da mun kai magariba a haka. Hajiyar Kumasi ce ta ce, “Ya isa, ka tausaya masa,” ta taka ta bayan bolar ta cafke zakaran ta ƙafa da hannu ɗaya. Wasu a tagogi har da tafi.

Ita ta wuce da shi, kuma an cika alkawari, ya ƙare kwanakinsa a gona. Shirin 1883 kuwa har yau yana cikin kwalinsa, ba a watsa ba, domin Malam bai koma makirufo ba. Ba wannan nake nema ba dama.

Na hau sama ba ɗauri, goshina da kwarzane. Na same shi ya koma kujera yana haki, littafin rubutunsa a ƙasa, biro ya gangara can gefe. Ya daɗe yana kallona.

“Kin… gan… shi.”

“Tun kiran farko, Malam.”

“Me… ya sa?”

Na tsuguna na ɗauko bargon na mayar masa a gwiwa, domin ban iya haɗa ido da shi ba.

“Shekara talatin da ɗaya ina cewa ka rage surutu. Har addu'a na yi. Na janye. Ka yafe mini.”

Na ga hannunsa na hagu ya motsa wajen littafin da ke ƙasa, ya tsaya, ya koma kan gwiwa. Ya gyara zama irin yadda yake yi in jar fitilar ɗaukar shiri ta kama.

“Ita… matar… ba… a ƙafa… ta haye ba. Keken… doki… ne. Kuma… shi… keken doki… asalinsa…”

Na ce ya dakata mini minti ɗaya. Na shiga na haɗo shayi kofi biyu, na jawo kujera kusa da tasa na zauna. Kafin ya kai ƙarshen tarihin keken doki shayin ya huce sarai, kuma ban katse shi ba ko sau ɗaya.